Tukunyar Gas Ba Ta San "Ogana Ya Ce" Ba: Camfe-camfen Da Ke Jefa Masu Walda Cikin Haɗari

A safiyar Talata, 17 ga Mayun 2022, wani abu ya fashe a titin Aba da ke Sabon Gari a Kano, daura da wata makarantar yara. Gini ya rufta, aka zaƙulo gawar mutum tara. Kafin ƙura ta lafa, Facebook da WhatsApp sun rabu gida biyu. Kwamishinan 'yan sanda ya ce tukunyar gas ce ta wani shagon walda, mazauna unguwar suka ce sam, bam ne. Bayan 'yan kwanaki kuma rundunar ta sake fitowa ta ce bincikenta ya gano wasu sinadarai masu haɗari da aka jibge a wurin ba bisa ƙa'ida ba.

In ka bi muhawarar wancan lokaci, za ka tuna kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce tukunyar walda ai ƙarfe ne kawai, ko bulo ɗaya ba za ta kayar ba. Wancan ya ce bam ce a tsaye, zafin rana kaɗai ya isa ya tashe ta. Duka biyun ba daidai ba ne. Tukunya ba ta fashewa haka kawai, amma in aka yi mata abin da bai kamata ba, ba ta tsayawa a kan wanda ya yi laifin. Matsalar kuma ita ce, da yawa daga cikin abubuwan nan da bai kamata ba, a shagon ake koyar da su a matsayin dabarar aiki.

Me ya sa maganar ta shafe ka?

Idan kai ɗan Wurno ne ko Rabah ko Goronyo, ka san darajar mai walda. Ƙasar noman rani ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, ga kuma fadamar Wurno, shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama suke riƙe da gidaje. Injin ban-ruwa ya tsage, garma ta karye, ƙafar amalanke ta cire, salansar babur ta huje, tankin mota yana yoyo, duk wurin mai walda ake nufa. Je ka Achida ko Gandi ko Shinaka, ko ka shiga kasuwar Goronyo ranar Lahadi, za ka gan su a bakin hanya, ga mai shayi a dama, ga mai cajin waya a hagu, ga mai sayar da fetur a kwalba ɗan gaba kaɗan.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lissafi ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Manoman rani a sassan Arewa suka fara mayar da injinan ban-ruwa zuwa gas ɗin girki, gwamnatin tarayya kuma ta shiga tallata gas ɗin mota na CNG. Wato tukwanen gas sun ƙaru a ƙauyuka, kuma duk wadda ta samu matsala, hannun mai walda take komawa. Ga shi a gabashin Sakkwato motar kwana-kwana ba ta kusa, babban asibitin da zai iya da mummunar ƙuna yana cikin birni, hanya kuma da dare kowa ya san halin tsaro. A irin wannan wuri, rigakafi kusan shi kaɗai ne maganin.

Wa ke tsaye kusa da tukunya daga safe zuwa magariba? Yaron shago. Sa'anka ne, ko ƙanenka, ko kai kanka. To bari mu bi maganganun da ake faɗa masa ɗaya bayan ɗaya.

"Oksijin ai iska ce kawai"

Walda da gas tana buƙatar abu biyu, iskar oksijin da iskar da ke ci da wuta. Ta biyun ko dai asitilin ce, wadda akasari ake samarwa a shago ta hanyar zuba ruwa a kan kabayid, dutsen nan mai warin tafarnuwa da wasu ke nunar da mangwaro da ayaba da shi, ko kuma gas ɗin girki. In oksijin da asitilin suka haɗu, harshen wutar yana haura digiri 3,000 a ma'aunin Selsiyos, shi ya sa yake yanka ƙarfe kamar sabulu.

Da yake oksijin ba ta da wari kuma ita kanta ba ta kamawa da wuta, sai ake raina ta. Za ka ga yaro ya buɗe ta yana kaɗe ƙurar rigarsa, ko yana hura wa jikinsa don ya ji sanyi a watan Afrilu. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. In ta ƙaru da 'yan kashi kaɗan, abin da a da sai ya yi hayaƙi ya mutu, yanzu tashi yake yi fuu. Rigar da ta sha oksijin tana riƙe ta na ɗan lokaci, tartsatsi ɗaya daga injin goge ƙarfe ko sigarin wani ya isa ya mayar da mutum tocila. Haka hura taya da ita, ko tayar da inji, ko busa bututun mai da ya toshe, duk wasa ne da rai.

"Ɗan ɗiga masa baƙin mai, zai saki"

Bawul ya yi tauri, ko notin regileta, wato kan nan mai agogo biyu da ke rage ƙarfin iska, ya ƙi ɗauruwa. A kowane aikin ƙarfe maganin tauri shi ne mai, don haka hannu yakan tafi wurin giris ko baƙin mai ba tare da tunani ba. A nan ne kaɗai wannan dabara take kisa.

Tayar mota ana hura ta zuwa bar 2 ko 2 da rabi. Cikakkiyar tukunyar oksijin tana ɗauke da bar 150 zuwa 200, kusan ninki 80 na tayar kenan. In aka buɗe bawul da sauri, iskar tana dannuwa cikin regileta ta yi zafi nan take. Ta tarar da mai a wurin, sai ya kama da kansa, babu ashana babu tartsatsi, har ƙarfen regiletar ya iya ci. Shi ya sa ko da hannu mai maiƙo ko tsumma mai giris ba a taɓa kan tukunyar oksijin. A buɗe ta a hankali, mutum ya tsaya a gefe, kar ya sa fuskarsa gaban agogon. Bawul ɗin da ya ƙi buɗuwa da hannu ko da makullinsa, ba guduma yake buƙata ba, mayar da tukunyar wurin mai ita za a yi.

"Ai ta ƙare, babu komai a ciki"

Wannan ta fi kowacce cin rai, don ba ta tsaya a tukunya ba, ta haɗa da duro da tankin mota da na tanka. Ruwan fetur ba shi ne yake fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Kashi 2 cikin 100 na tururin fetur a cikin iska ya isa. Ka ga kenan tankin da aka tsiyaye "tas" shi ne ya fi kusa da wannan ma'auni, ba cikakke ba. Ɗauraya sau ɗaya da shinshinawa a ce "babu wari" ba gwaji ba ne, mai yana maƙalewa a cikin tsatsa da lungunan tanki, zafin walda kuma ya fito da shi.

Tukunyar gas ɗin girki ma haka. Daina fitar wuta a murhu ba ya nufin babu gas, yana nufin ƙarfin na ciki ya yi daidai da na waje ne kawai. Ta asitilin kuwa ta fi, domin cikinta ba fanko ba ne. An cika ta da wani abu mai kama da soso wanda ya sha wani ruwa da ake kira asiton, a cikin ruwan ne gas ɗin yake narke, kamar gas a cikin lemon kwalba. Ko agogo ya nuna sifili, akwai saura. Duk ɗan gwangwan da ya kawo tsohuwar tukunya ya ce a yanka masa ita a auna a kilo, ko mai son a mayar masa da ita murhun gawayi, ka sani kuɗin aikin ba zai kai kuɗin likkafani ba.

"Fenti ke nuna abin da ke ciki"

Za ka ji ana cewa baƙa oksijin ce, ja asitilin ce, shi kenan. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, eh, oksijin baƙa ce. Amma a tsarin Turai na yanzu kafaɗar tukunyar oksijin fara ce, baƙar kafaɗa kuwa ta naitirojin ce. A Amurka an fi yi wa oksijin kore. Tukwanen da ke yawo a kasuwanninmu daga ko'ina suke, da yawa 'yan gwanjo ne, wasu an sake musu fenti sau uku. Abin dogaro shi ne rubutun da aka buga a kafaɗar ƙarfen da takardar da ke manne a jiki. In babu ko ɗaya, ba a san abin da ke ciki ba kenan.

Masu ƙera kayan sun bar wata alama da ba ta gogewa. Notin ɓangaren oksijin dama ake juya shi ya ɗauru, na gas mai cin wuta kuwa hagu, kuma yawanci akwai 'yar tsaga a jikinsa. Da gangan aka yi haka don kar a haɗa su a bisa kuskure. Wanda ya ƙera mahaɗi ya tilasta musu shiga juna, ya cire katangar da aka gina domin shi.

"Tukunya ai tukunya ce"

A watan Oktoban 2024, a wani gidan sayar da CNG na kamfanin NIPCO da ke Aduwawa a birnin Benin, wata mota ta tarwatse ana cikin zuba mata gas, mutane suka jikkata. Bidiyon ya zaga ko'ina, aka yi ta cewa ga abin da gwamnati ke son mu hau. Da aka duba, hukumar da ke kula da shirin ta ce tukunyar motar ba ta ƙa'ida ba ce, haɗa ta aka yi da walda.

Ga inda lissafin yake. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya, ƙarfinsa bar kaɗan ne, ko a zafi bai cika wuce goma sha wani abu ba. CNG kuwa bar 200 ne, kuma tukunyarsa ta ƙarfe ana ƙera ta ne babu ɗinki ko ɗaya. Komai iya hannunka, layin waldarka ba zai riƙe wannan ba. Haka like tukunyar da ke yoyo da walda, ko juye gas daga babba zuwa ƙarama da guntun tiyo, ko ɗura oksijin a tukunyar da ta taɓa ɗaukar wani abu. Hukumar SON ta ce tukunyar gas ɗin girki shekara 15 ce iyakar rayuwarta, kuma a riƙa gwada ta duk bayan shekara 5. Ɗaga ta gidanku ka duba shekarar da aka buga a jikinta.

Tukunyar kabayid da ake haɗawa a gida ita ma tana cikin wannan layi. Asitilin iska ce mai fushi, in aka matse ta ita kaɗai fiye da bar ɗaya da rabi tana iya tarwatsewa ko babu oksijin a tare da ita. Saboda haka toshe mafitar iska, ko cika kabayid fiye da kima don "wuta ta yi ƙarfi", neman magana ne. Kilo ɗaya na kabayid yana ba da kusan lita 300 na gas, yana kuma fitar da zafi sosai. Sannan ba a yi mata bututu da jan ƙarfe zalla, domin suna haɗuwa su samar da wani sinadari da ɗan bugu kaɗan ke tayar da shi.

"Kwantar da ita, ta fi zama lafiya"

Tukunyar asitilin a tsaye ake aiki da ita. In ta kwanta, asiton ɗin nan yana gangarowa bakin bawul ya bi tiyo, ya lalata wuta, ya bar gas ɗin ciki babu abin da ke riƙe shi. In dole ta sa an kwantar da ita a hanya, a tsayar da ita ta huta aƙalla awa guda kafin a buɗe. Ta gas ɗin girki ma in ta kwanta ruwa take turowa maimakon tururi.

Ta oksijin kuwa rauninta yana wuya. Ka sha ganin an ɗaure ta a bayan babur da roba, babu hular ƙarfen da ke rufe bawul, ana sukuwa a hanya mai ramuka, an iso kuma a wurgo ta ƙasa. In bawul ya karye, bar 200 zai fita ta ƙaramin rami lokaci guda, tukunya mai nauyin fiye da kilo 50 ta tashi kamar roka. A wani shirin talabijin na Amurka mai suna MythBusters an gwada haka da gangan, tukunyar ta ratsa katangar bulo ta wuce. Sarƙa ɗaya da za a ɗaure ta a bango, da hularta in za a yi tafiya, su ne maganin.

"Kyasta ashana mu ga inda take yoyo"

Asitilin tana kamawa tun daga kashi 2 da rabi cikin 100 a iska har sama da kashi 80. Kusan babu gaurayen da ba ya ci. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, a rami, a kwata, ya jira. Ruwan kumfa marar maiƙo da ɗan buroshi sun isa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne yoyon. Tiyon da ya tsattsage kuma ba a naɗe shi da leda ko robar taya, sabo ake saye.

Akwai kuma abin da masu walda ke kira wuta ta koma. Ka ji "fas!" sannan wani siririn fito, wutar ta juya tana bin tiyo zuwa tukunya. Akwai ɗan ƙarfe mai tare ta da ake ɗaurawa bayan regileta, a kasuwa filashbak aresta ake ce masa. Shaguna da yawa ba su taɓa ganinsa ba, ana cewa kayan kamfani ne. Tukunyar asitilin da wuta ta koma mata, ko ta yi zafi a gobara, tana iya ci gaba da dahuwa a ciki ko an kashe wutar waje. Shi ya sa 'yan kwana-kwana a Ingila suka daɗe suna killace mita 200 a kewayenta suna feshe ta da ruwa daga nesa. Mu kuwa nan ne za ka ga an yi da'ira ana ɗaukar bidiyo.

To zafin rana fa?

A nan masu tsoro ne suka wuce gona da iri. Lafiyayyar tukunyar oksijin ba za ta fashe don ranar Sakkwato ba. In zafinta ya tashi daga digiri 20 zuwa 60, ƙarfin iskar yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin 100, ita kuwa an gwada ta da abin da ya fi haka nesa. Sai dai kar masu raini su yi murna. Tukunyar girki da aka cika maƙil, ba a bar mata kashi 15 zuwa 20 na sarari ba, ruwan cikinta yana kumbura ya rasa wurin zuwa. Wadda tsatsa ta ci gindinta kuma ba ta da ƙarfin da aka gwada ta da shi. A yankin da bazara ke haura digiri 40 a inuwa, rumfa mai shan iska wajibi ce.

Me ya sa camfin ba ya mutuwa?

Saboda yawancin lokaci babu abin da ke faruwa. Oga ya shekara 20 yana gwada yoyo da ashana, ga shi da ransa, sai yaro ya ɗauka hujja ce. Amma wanda abin ya rutsa da shi ba ya nan balle ya ba da nasa labarin. Masu rai kaɗai muke ji. In kuma abin ya auku, sai a rufe da "tsautsayi ba ya wuce ranarsa", babu mai tambayar wane noti ne, wane tiyo ne. Yarda da ƙaddara bai taɓa hana manomi yin shinge ba.

Akwai talauci a ciki, gaskiya ne, regileta mai kyau da tiyo sabo kuɗi ne. Akwai kuma tsarin koyon sana'a da ya dogara kan kallo da biyayya, yaro ba ya tambayar maigidansa dalili. Sai TikTok ya zo ya ƙara, inda bidiyon "dabarar juye gas a gida" yake samun masu kallo.

Kuma ba mai sana'ar kaɗai abin ke ci ba. Ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda ke wani shagon aski a maƙwabta. Iliminsa bai kare shi daga sakacin wani ba.

Abin da ke hannunka

Hukumomi suna da nasu. SON da NMDPRA ke da alhakin ingancin tukwane da wuraren ɗura gas, bai kamata aikinsu ya tsaya a manyan birane ba. Ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo za su iya haɗa ƙungiyoyin masu walda da jami'an kashe gobara da malaman Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a yi bita ta yini guda da Hausa, a kasuwa, da kayan aikin a gaba. Ba abu ne mai cin miliyoyi ba.

Amma kar ka jira su. In kai yaron shago ne, ba sai ka ƙaryata maigidanka a gaban mutane ba. Samu lokacin da yake cikin nishaɗi ka ce, "Oga, na ga wani bayani kan mai da oksijin, ko in karanta maka?" Dattijo ba ya ƙin abin da zai tsare masa dukiya in an kawo masa da ladabi. In ke ce mai girki da gas a gida, ko kai ne mai injin ban-ruwa, tukunyar da ke yoyo ba ta zuwa wurin mai walda, wurin dillalinta take komawa. In kuma kana da mabiya a Facebook ko TikTok, bidiyon minti ɗaya na gwajin yoyo da ruwan kumfa, da harshen da mutanen Gandi da Achida ke ji, ya fi sharhi ɗari bayan an yi jana'iza.

Gobe in ka kai babur ɗinka a like maka salansa, kafin ka zauna a benci ka ciro waya, dubi abu huɗu: tukunyar a tsaye take kuma a ɗaure? Akwai maiƙo a kanta? Tiyon lafiyayye ne ko naɗe yake da leda? Ina mai fetur yake? In amsar ba ta yi maka daɗi ba, faɗa masa cikin mutunci, ka ja da baya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.